Yarinyar da ta fassara mini "Maliki yaumiddini"

Shekara huɗu ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar Yahudawa ta jeka-ka-dawo a jihar Maryland ta Amurka, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa jin abin da ya sosa mini rai kamar abin da ya faru wata ranar Laraba cikin watan azumin da ya wuce ba. Malamar da ke koyar da 'yan aji biyar addininsu ta lura ba na zuwa ɗakin cin abinci, sai ta roƙe ni in shigo ajinta in yi wa yaran bayanin azumi da sallar Musulmi. Na rubuta Fatiha da Larabci a kan allon bango, na fara karanta musu a hankali da ƙira'ar Warshu, wadda da ita aka yaye ni a zauren malaminmu a Zariya. Ina kaiwa "maliki yaumiddini" sai wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta ɗaga hannu, ta ce a harshensu ana cewa "melek yom haddin", ta tambaye ni ko ma'anar ita ce sarkin ranar hukunci. Kafin in rufe baki wani yaro ya ce "alamina" ta yi masa kama da "olam", wato duniya, wani kuma ya tsinto "bismi" ya ce ai ita ce "beshem", da sunan. Cikin 'yan mintoci yaran nan, waɗanda ba su taɓa jin surar ba, sun warware kusan rabin kalmominta da Ibranancin da aka koya musu tun suna rabin aji.

Da yamma bayan an sha ruwa na kira babban ɗana, wanda ya girme yarinyar nan da shekara ɗaya, wanda kuma ya haddace izu biyu a makarantar Asabar da Lahadi ta masallacinmu. Na ce masa ya gaya mini ma'anar "maliki yaumiddini". Ya yi shiru, sannan ya ce da Turanci, "Abba, ba a gaya mana ba, an dai ce mu haddace." Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma na kai shekara goma sha biyar ina karanta wannan aya a kowace raka'a kafin wani ya zaunar da ni ya fassara mini ita.

Bari in kwatanta muku wurin, don na san yawancin masu karanta wannan ba su taɓa taka irinsa ba. Tun daga bakin ƙofa akwai mai gadi da na'urorin ɗaukar hoto, kuma ba a buɗe wa kowa sai an duba katinsa. Tsaron ya ƙaru sosai bayan harin da aka kai wani wurin ibadar Yahudawa a birnin Pittsburgh a watan Oktoba na 2018, inda aka kashe mutum 11. A jikin kowace ƙofar aji, ta hannun dama, an maƙala wani ɗan siririn kwanso da suke kira mezuza, a cikinsa akwai ayoyin Attaura da aka rubuta da hannu a kan fata, kuma za ka ga yaro ya taɓa shi da yatsa ya sumbaci yatsan yana wucewa. Yara maza suna ɗora 'yar ƙaramar hula a tsakiyar kai lokacin addu'a da karatu da cin abinci. Ba a haɗa nama da madara a ɗakin girkin makarantar, har tukwane da cokulan kowanne daban suke. Ranar Juma'a ana toya wani burodi mai kama da kitso, a kunna kyandir, a zuba ruwan inabi marar maye a ƙananan kofuna, yara su rera waƙoƙin tarbar ranar Asabar, wadda ita ce ranar hutu da ibadarsu, sannan a lokacin sanyi a tashe su da wuri domin kowa ya isa gida kafin rana ta faɗi. A safiyar wannan rana ce kuma kowane yaro ke jefa 'yan sulalla a cikin asusun da suke kira tsedaka, kalmar da ko ba a faɗa maka ba ka san 'yar'uwar sadaka ce.

An raba yinin karatu gida biyu. Kashi ɗaya na lissafi da kimiyya da Turanci da tarihi ne, daidai da kowace makaranta a jihar, ɗayan kuma na Ibrananci da Attaura da addu'o'i da tarihin Yahudawa. Malaman Ibrananci ba sa yi wa yaro Turanci sai dole ta kama. Da harshen ake cewa ya zauna, da shi ake tambayarsa ina jakarsa, da shi yake neman izinin fita shan ruwa. Saboda haka ranar da aka miƙa masa littafin addu'arsa na farko a aji ɗaya, a wani biki da iyaye da kakanni ke cika zauren taro, abin da ke cikin littafin ba baƙon sauti ba ne a kunnensa.

Abin da ya fi tuna mini da gida shi ne hayaniyar ajin karatun Attaura. Ranar da na fara wucewa ta gefen ajin na tsaya cik, domin wannan gunjin na yara da yawa kowa na karanta nasa da ƙarfi shi ne ainihin sautin makarantarmu ta allo da hantsi. Da na leƙa sai na ga bambancin. Yaran suna zaune bibbiyu suna fuskantar juna, tsarin da suke kira habruta, ɗaya ya karanta aya, ɗayan ya ce bai yarda da yadda ya fahimce ta ba, su yi ta ja-in-ja. A ƙasan shafin akwai sharhin wani malaminsu mai suna Rashi, wanda ya rayu a Faransa ya rasu a 1105, kuma tambayar da malamar ke yawan jefa musu ita ce, mene ne ya dami Rashi a wannan aya har ya ga sai ya yi magana? Yaro ɗan shekara tara yana neman inda kalma ta maimaitu ba dalili, ko inda labari ya yi tsalle, in ya gano a yaba masa. Mu kuwa a zauren malam, wanda ya tambayi ma'ana ana ce masa ya bari ya sauke tukuna.

Kada wani ya ɗauka na raina inda na fito. Na sha faɗa wa abokan aikina, kuma ina faɗa da alfahari, cewa a garinmu akwai mutanen da ke zama da tawada da alƙalamin kara su rubuta Alƙur'ani izu sittin da ka, da wasali da ɗigo, ba tare da sun duba komai ba. Sukan yi mamaki ƙwarai, domin a dokarsu mai rubuta Attaura dole ne ya riƙa kwafa daga wani kwafin da ke gabansa. A fagen hadda babu yaro ko malami a makarantar nan da zai tsaya kusa da gardin tsangaya, balle alaramma ko gwani. Kuma tsarinmu bai manta da ma'ana ba, ya dai ajiye ta a mataki na biyu, a makarantar ilimi, inda ake bin Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala kalma bayan kalma ana fassarawa da Hausa. Matsalar ita ce cikin waɗanda muka fara babbaƙu da farfaru tare, 'yan kaɗan ne suka kai ga wannan zaure na biyu. Sauran sun tafi kasuwa da gona da tasha, mata kuma aka aurar da su, kowa ya tafi da sautin da ya haddace, yana jiran tafsirin watan azumi ya ji abin da yake faɗa wa Ubangijinsa. Makarantun Islamiyya sun rage wannan giɓi, ban musa ba, amma Larabcin da ake koyarwa a mafi yawan waɗanda na sani na cin jarrabawa ne, yaro ba ya iya tambayar ruwan sha da shi.

Akwai kuma maganar wanda ya ɗauki nauyin makarantar. Ana ce mata makarantar al'umma ne domin ba ta wani ɓangare ɗaya ba ce: ɗan gidan da ba a kunna ko fitila ranar Asabar yana zaune kusa da ɗan gidan da sau biyu a shekara ake zuwa wurin ibada, kuma iyayensu, waɗanda saɓaninsu a kan addini ba ƙarami ba ne, suna zama a kwamiti ɗaya suna lissafin albashin malamai. Duk lokacin da na ga wannan sai in tuna unguwarmu, inda Islamiyyar 'yan Izala ke kallon ta 'yan ɗariƙa a layi ɗaya, kowacce da rufin da ke yoyo. Kuɗin makarantar yana da yawa ƙwarai, ya haura dala dubu ashirin a shekara ga yaro ɗaya, kuma iyaye suna kuka da shi a fili, har wasu sun haƙura sun kai 'ya'yansu makarantar gwamnati. Amma akwai asusun al'umma da masu hali ke zuba wa kuɗi kowace shekara domin a rage wa marasa ƙarfi, kuma ana yin hakan a asirce yadda ko mu malamai ba mu san ɗan wa aka tallafa wa ba. Wani abokin aikina ya nuna mini cewa a littafinsu na Talmud an ambaci wani shugaban addininsu na dā mai suna Yehoshuwa ɗan Gamla, wanda ya sa a naɗa malamai a kowane gari domin yara su fara karatu suna shekara shida ko bakwai, aka kuma ƙayyade cewa malami ɗaya yara 25 zai riƙe, in sun kai 40 a ba shi mataimaki. Malaminmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya riƙe mu fiye da tamanin shi kaɗai, abin da yake samu kuɗin Laraba ne da ɗan abin da gonarsa ta bayar. Makarantun almajirai na zamani da gwamnatin Jonathan ta fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, kowa ya san halin da da yawansu suka shiga, domin mun ɗauke su kayan gwamnati, ba mu ɗauke su namu ba. A makarantar da nake aiki kowane yaro a gidan ubansa yake kwana, kuma da abincinsa a jaka yake zuwa.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci, wato yaya zan yabi makarantar Yahudawa alhali ga halin da Falasɗinawa ke ciki, domin 'yan'uwana na jini ma sun faɗa mini a waya. Gaskiya ne akwai tutar Isra'ila a zauren taron makarantar kusa da ta Amurka, kuma ana rera takenta. Tun daga Oktoban 2023 akwai ranakun da na shiga aji zuciyata a cike da hotunan yaran Gaza da na kwana ina gani, na koyar da darasina na fito ban yi hira da kowa ba. Matsayina a kan Falasɗinu bai canza ba, kuma waɗanda suka tambaye ni cikin abokan aikina na faɗa musu ba ɓoye-ɓoye. Amma yarinyar da ta ɗaga hannu ranar nan ba ta jefa wa kowa bam ba, kuma ban ga yadda ƙin koyon abin da ke da amfani a wurin iyayenta zai share hawayen kowa ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koya cikin kusan rabin wata.

Abin da ya hana ni barci a daren nan ma ya wuce batun Larabci. Ibranancin da yaran nan ke wasa da shi a filin makaranta ya yi ƙarnuka da yawa ba a yaye yaro da shi a gida, a littafi da addu'a kawai ya rage, sai a ƙarshen ƙarni na 19 irin su Eliyeza Ben-Yehuda suka dage har ya dawo bakin yara. Mu kuma da muke da harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da shi daga Kumasi zuwa Damagaram har Sudan, a cikin gidana, a hannuna, yana neman ƙarewa a zuriya ɗaya. Ni da mahaifiyarsu muna yi wa yaran Hausa su amsa da Turanci, muka yi ta cewa za su iya in sun girma, kamar yadda aka ce mana mu bari mu sauke tukuna.

Ranar sallah na kira Hajiya a Zariya na miƙa wa yaron waya. Ina jin muryarta tana cewa, "Maigidana, an sha ruwa lafiya? Ina goron sallata, ko ka yi mini kishiya a can ne?" Yaron ya yi murmushi irin na wanda ya gane ana yi masa wasa amma bai san da me ba, ya ce "lafiya lau" sau biyu, sannan ya juyo ya dube ni. Hajiya ta ɗan jira, ta sake kiransa, daga nan ta ce, "To, ba ni babanka." Da na karɓa ba ta ce komai a kan abin ba, sai ta tambaye ni ko sanyin garin ya ragu.