Takardar Koke da Baba Mai Karo

(Wata makarantar yara maza a Gadarif, gabashin Sudan. Rana ta take, randar aji kuwa tun jiya a bushe.)

USTAZ: Ku natsu. Ranar 22 ga Maris ce ranar ruwa ta duniya. Kafin ta zo za mu rubuta takardar koke, mu kai wa hukumar ruwa da ƙafarmu. Amma ba a zuwa gaban manya da fatar baki. Me za mu fara tanada?

TANKO: Ruwan sha, Ustaz. Ofishin da nisa.

USTAZ: Hujja, sarkin surutu, hujja! Ɗan'auta, me ka samo?

ƊAN'AUTA: Ustaz, a yarjejeniyar 1959 an raba ruwan Nilu. Masar ta ɗauki kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5.

TANKO: Biliyan? To wa ya karɓar mana namu? Mu dai ko moɗa ba a aiko gidanmu ba.

USTAZ: Namu daga garin Shuwak ake turo shi ta bututu, daga bakin kogin Atbara, reshen Nilu. Abin nema shi ne inda yake maƙalewa kafin ya iso. Na ce kowa ya rubuta ranakun da famfon gidansu ya kawo ruwa. Tanko, kawo naka.

TANKO: Ga shi.

USTAZ: Ai farar takarda ce!

TANKO: Sakamakon binciken ke nan, Ustaz. Ban ƙara ba, ban rage ba.

(Jaki ya yi kuka a bakin taga. Baba Mai Karo, mai sayar da ruwa a karo, wato amalanken jaki, ya leƙo.)

BABA: Salamu alaikum. Ustaz, an ce ka tara yara za ku kashe mini kasuwa.

USTAZ: Haba Baba, darasi ne kawai.

BABA: Darasin ruwa ba a kira ni ba? Yara, ku buɗe littafi. In aka ɗauke wuta a tashar turo ruwa, injin ya tsaya, gari ya bushe. In ya dawo, sai tsakar dare. Masu injin tsotso a gida su zuƙe shi tun a kan hanya, na ƙarshen layi su buɗe famfo su sha iska. Ga bututun da ya fashe yana ban ruwa wa titi, ko titin gonar riɗi ce oho.

ƊAN'AUTA: Baba, kai a ina kake cika ganga?

BABA: In da layi, a tashar. In babu, a hafiri, tafkin nan da aka haƙa don tara ruwan sama, ni da shanu muna gaisawa. Kun manta kwalarar da ta ɓarke a 2024? Ku rubuta a riƙa zuba kulorin a duk wurin da masu karo ke ɗiba. Ni ma ba na son mai sayen ruwana ya mutu.

USTAZ: Kun ji tausayi.

BABA: Da bashina a kansa.

USTAZ: To, ku lura. Buƙata ɗaya tak za mu sa, a fili, da sunan unguwa da wurin ɗiba. Mai buƙata goma da alkawari yake komawa gida. Sai kuma sa hannun mutanen unguwa. Wa zai fara?

BABA: Kawo tawada in dangwala.

TANKO: Baba, in ruwa ya wadata kai fa?

BABA: Yaro, tun kakana yana karo ake kai wannan takarda. Jakina bai taɓa yin hutu ba. Kuma ga hujjar da ta fi taku: littafin bashi. Gidan da ya fi cin bashi, nan famfo ya fi mutuwa.

USTAZ: Allah Ya yi maka albarka! Wannan ai taswirar matsalar ce gaba ɗaya. Tanko, karanto da ƙarfi kowa ya ji.

TANKO: Gidan mai shayi, ganga biyu. Gidan tela, uku. Gidan Ustaz, ganga tara da jarka...

USTAZ: Tsallake wannan shafin!

TANKO: Kai ka ce ba a ɓoye hujja, Ustaz.

ƊAN'AUTA: Kuma gidanka ya fi kowa cancanta a sa a layin farko.

BABA: Zaɓi ya rage naka, Ustaz. Ko a karanta a gaban hukuma, ko ka sallame ni kafin la'asar. Ba sai ka raka ni ba, jakin ya san gidan.