Bishiyoyin Asibiti: Dashe Muke Yi, Ba Ma Reno

A nan Ingila inda nake zaune, bishiyar harabar asibiti tana cikin lissafin kayan aikin lafiya. Tun 2009 akwai shirin NHS Forest da ke dasa itatuwa a filayen asibitocin gwamnati. Amma ni ba dashen ya fi ɗaukar hankalina ba, renon ne. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su duba reshen da ya bushe, su datse shi kafin ya faɗo wa wani. In kuma bishiya tana ƙarƙashin dokar kariya, ko mai filin bai isa ya sare ta ba sai ƙaramar hukuma ta yarda.

Suna da hujjarsu. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi kan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibiti a Pennsylvania ta Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, rabi kuma bangon bulo. Masu ganin ganye sun riga sauran samun sallama da kusan kwana guda, kuma ba su nemi maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar waɗancan ba. Gani kawai ke nan ta taga.

To mu da ba kallo kaɗai muke yi ba fa? A nan rana ba ta da wani zafi, rabin shekara ma nemanta ake yi. A gida kuwa, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ƙarƙashin darbejiyar asibiti ne ɗakin jira. Nan masu jinya ke shimfiɗa tabarma, nan ake dama kunun maras lafiya, nan ake sallar azahar, nan 'yan dubiya ke zama har a buɗe ƙofa. Matar da ta taso daga ƙauye da ɗanta mai ƙyanda, ta yi mako tana kwana a waje, ita ta san darajar wannan inuwa. In wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ɗakin da bishiya ta kare kwanonsa daga rana shi ne ake iya numfashi a ciki. Bishiyarmu ta fi tasu aiki nesa ba kusa ba, amma ita ce ba ta da mai kula da ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake sare su ba tare da an tambayi kowa ba. Akwai wani asibiti a jiharmu da na sani da maɗatai manya tun ina yaro. Aka kwantar da su domin a gina shaguna da wurin ajiye motoci, aka malale ƙasa da siminti. Maɗaci ba ya girma a shekara 5, kuma wanda ya sa hannu a sare shi ba a tabarma yake jinyar nasa ba.

Masu sarewa sukan ce saiwa na fasa gini da magudanar ruwa, rassa na karyewa da iskar farkon damina. Gaskiya ne. Maganinsa a nisanta dashe daga bango, a riƙa rage rassa kafin ruwa ya sauka. Batun cewa bishiya na jawo sauro kuwa, a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, sai a gyara kwatami.

Ba kuma cewa nake a kwaikwayi korayen ciyayin Turawa ba, ba mu da ruwan shayar da su. Darbejiya da maɗaci da tsamiya da mangwaro sun san ƙasarmu. Abin da suke nema shi ne keji saboda awaki, da ban ruwa a ranin shekaru 2 zuwa 3 na farko. Nan muke faɗuwa. A yi bikin dashe a watan Agusta, manya su ɗauki hoto, zuwa Maris babu ko kara ɗaya a tsaye.

Mu da ke waje, ƙungiyoyinmu kan tara kuɗi su aika wa asibitin garinsu gadaje da janareta da magunguna. Ina roƙon a saka albashin mai ban ruwa cikin wannan lissafin, mutum guda da za a san sunansa, a ba shi tiyo da almakashin datse rassa, a ƙidaya masa bishiyoyin da ke hannunsa, a kuma sake ƙidayawa ƙarshen kowace bazara.