RTX 4060 ko RX 7600: ni dai batirin gidanmu ne ya raba gardamar

Tun da na ɗora bidiyon wasan ƙwallon da muka buga da yaran Unguwar Rimi a kwamfuta, tambaya ɗaya ake ta turo mini: wane katin girafik ka saya, kuma me ya hana ka ɗaukar na AMD tunda ya fi sauƙin kuɗi? Har ƙanena da ke karatu a Zariya sai da ya kira ni, wai "Yaya, ashe kai ma ɗan yayi ne." To bari in amsa gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa nan: RTX 4060 na kamfanin Nvidia na saya, ba RX 7600 na kamfanin AMD ba.

RX 7600 na AMD ya fito a watan Mayun 2023 a kan dala 269, RTX 4060 na Nvidia ya biyo bayansa a watan Yuni a kan dala 299. Dala 30 ce tsakaninsu a can. Amma kafin kaya ya sauka Legas, ya hau mota ya iso Kaduna, kowa ya ɗora ribarsa, wannan tazarar ta narke. Na zaga shaguna a Ahmadu Bello Way, akwai inda aka yi mini kuɗin na AMD sama da na Nvidia, saboda shi kaɗai ya rage wa mai shagon. Dukansu ma'ajiyar da ke jikin katin gigabayit 8 ce, dukansu an yi su ne don wasa a girman hoto na 1080p. In wasa kawai za ka yi, wallahi ko an rufe maka akwatin kwamfutar an ce ka canki wanda ke ciki, sai dai ka yi caca.

Wurin ɗaukar bidiyo ne suka rabu. Wani abokina a Barnawa yana da RX 7600, sai ya ciro shi ya kawo ɗakina ranar wata Asabar. Muka buɗe OBS, manhajar ɗaukar bidiyon allo, muka saita nauyin bidiyon daidai da abin da intanet ɗina ke iya ɗauka, muka buga wasa ɗaya da kowane kati a tsarin matse bidiyo na H.264. Idan 'yan wasa na tsaye, babu bambanci. Amma da zarar an buga doguwar ƙwallo kyamara ta ruga a guje, sai ciyawar filin a bidiyon AMD ta dame kamar an zuba wa hoto ruwa, lambar bayan riga ta ɓace na ɗan lokaci kafin ta dawo. A na Nvidia ma ciyawar takan ɗan yi laushi, amma kana iya karanta lambar. Abokin nawa ya kalla sau uku, ya ce, "Malam, mayar baya in sake gani." Dalilin shi ne kowane kati yana da wani ɗan sashe da aikinsa kawai matse bidiyo, ba ruwansa da wasan. Na Nvidia ana ce masa NVENC, kuma ya daɗe da yi wa na AMD nisa a H.264, musamman idan an takura masa nauyi.

Masu kare AMD za su ce ai katunan biyu duk suna matse bidiyo a sabon tsarin AV1, kuma a nan na AMD ba ya jin kunya. Gaskiya ne, mun gwada, ya yi kyau. YouTube na karɓar AV1. Sai dai mu a nan ina masu kallonmu suke? Facebook da WhatsApp, a wayoyin da wasunsu sun shekara biyar. Tsohuwar laftof ɗin da nake yanka bidiyo da ita kuwa, ina saka mata AV1 take fara haki. In kuma ka ce za ka ƙara wa H.264 nauyi don AMD ya yi kyau, zai yi, amma fayil ɗin zai kumbura, datarka ce za ta biya.

Duk da haka ba wannan ne ya sa na zaro kuɗi ba. Wuta ce. RTX 4060 wat 115 yake ci, RX 7600 kuma 165. Baturen da ke gwajin katunan a YouTube zai ambaci wannan a jimla ɗaya ya wuce, don shi bai san a ɗauke wuta ana tsakiyar wasa ba. Ni kuwa da inbata nake kwana. Batirina guda ne, mai bolt 12 da amfiya 200, kuma mai sola ya ja mini kunne kada in riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi in ina son ya yi ƙarko. Ke nan abin da nake da shi bai wuce wat 1,200 na awa guda ba. Bambancin wat 50 da ke tsakanin katunan sau awa 5 na wasa ya ba ka 250, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke hannuna. Wannan shi ne fankar da Hajiya ke kwana da ita a watan Afrilu. Ranar gwajin nan, muna cikin zagaye na biyu da katin abokina inbatar ta fara ƙara, Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Kai, wasanku ne zai kashe mini fanka?" Kuma katin da ya fi cin wuta ya fi fitar da zafi, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin kati in ba ka hure su.

Kar a ɗauka na yafe wa Nvidia. Gigabayit 8 rowa ce tsagwaronta. RTX 3060 da suka fitar a 2021 gigabayit 12 gare shi, sai ƙaninsa ya zo da ƙasa da haka, kamar mai shayi ya ƙara kuɗi ya rage madara. Akwai sababbin wasannin da dole ka sauke musu ingancin zane, in ba haka ba su riƙa sarƙewa, kuma wannan ciwon katunan biyu duk suna da shi. Shi ya sa wasu ke neman 3060 na hannu. Ban hana ba, amma yana cin wat 170, ba ya matse AV1, sannan tun da aka daina amfani da irin waɗannan katunan wajen haƙar kuɗin intanet na Ethereum a Satumbar 2022 kasuwa ta cika da waɗanda suka yi aiki dare da rana. Kada ka biya sai an kunna maka shi a gabanka ya yi rabin awa yana aiki.

Maganar DLSS mai ƙara wa wasa sauri da fasahar bin sawun haske da ake ta yi wa Nvidia kirari da ita, ba ta dame ni ba. Ƙwallo nake bugawa.

Shi ƙanen nawa na tambaye shi, kana ɗaukar bidiyo? Ya ce a'a. Da batiri kake wasa? Ya ce sai an kawo wuta. Na ce to ka sayi RX 7600 in ka same shi da sauƙi, canjin ka ƙara RAM ta kai gigabayit 16. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, cikon dubu nawa za ka turo?"