Fiji ta fi ƙarfin hoton bakin teku

Jama'a, duk lokacin da aka sa hoton Fiji a Facebook abu ɗaya ake nuna mana: farin yashi, ruwa garau, bishiyar kwakwa ta sunkuya, wani ya miƙe ƙafa da lemo a hannu. Hoton ba ƙarya ba ne. Tsibiran Mamanuca da Yasawa haka suke, har ma sun fi. Amma ni a ganina, wanda ya tara kuɗinsa ya keta rabin duniya, ya sauka a filin jirgin Nadi, aka ɗauke shi a kwalekwale zuwa otal, ya yi mako guda a can ya dawo, otal ya gani, bai ga ƙasar ba.

Fiji tsibirai ne sama da 300 a kudancin tekun Fasifik, waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Jama'ar ƙasar duka ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma yawancinsu a babban tsibirin Viti Levu suke, inda Nadi da Lautoka da babban birni Suva suke. Nan ne rayuwa take. Ka hau bas daga Nadi ka nufi Lautoka, gonakin rake ne hagu da dama, ga siririn layin dogo a gefen hanya, lokacin sara ka ga ƙaramin jirgin ƙasa na jan taragai maƙare da rake zuwa masana'antar sukari, yana tafiyar hawainiya. Ka shiga kasuwar garin: rogo da gwaza da kwakwa tsibi-tsibi a ƙasa, a ɗaya gefen kuma barkono da kori da wake iri-iri, mai sayarwa na magana da Hindi. Ga masallaci, ga wurin ibadar Hindu, ga coci.

Me ya kawo Indiyawa tsakiyar Fasifik? A 1874 sarakunan Fiji suka miƙa ƙasar ga Ingila. Gwamnan da aka turo, Arthur Gordon, ya zaɓi ya yi mulki ta hannun sarakunan gargajiya, irin tsarin da Lugga ya zo ya shimfiɗa a Arewacin Nijeriya daga baya. Ya hana sayar da filayen 'yan ƙasa, ya kuma hana a kwashe su zuwa aikin gandu. To wa zai noma rake? Sai aka juya Indiya. Daga 1879 zuwa 1916 an kawo mutum kusan 60,000 a kan kwantiragin shekara biyar-biyar, aikin da bai yi nisa da bauta ba. Da yawa ba su koma ba. Jikokinsu ne ke riƙe da shaguna da dama da yawancin gonakin rake a yau, kuma daga cikinsu ne Musulmin Fiji suka fito. Shi ya sa neman abincin halal ko masallacin Juma'a a Nadi da Lautoka da Suva ba ya ba mutum wahala.

Har gobe mafi yawan filayen ƙasar mallakar dangogin 'yan asali ne, ba a sayarwa, sai dai haya. Manomin rake na iya gadon gona tun daga kakansa amma ƙasar ba tasa ba ce. Rikicin wa ke da ƙasa, wa ke da mulki, shi ne ya yi ta tafasa tun bayan samun 'yanci a 1970, har aka yi juyin mulki a 1987 da 2000 da 2006. Sitiveni Rabuka, sojan da ya yi na 1987, shi aka rantsar firaminista a ƙarshen 2022 bayan zaɓe. Mu dai wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Babu mai ba ka wannan labarin a bakin tafkin wanka na otal.

Sai ƙauye, inda na fi so mutane su leƙa. Ba a faɗa wa ƙauyen Fiji kai-tsaye. Baƙo kan riƙo ƙunshin saiwar kava, wani tsiro da suke haɗa abin sha da shi, ya miƙa wa dagaci a matsayin gaisuwa da neman izini. A cire hula, a tuɓe takalmi a ƙofa, a rufe kafaɗa da gwiwa, a zauna a tabarma, kuma ba a taɓa kan mutum ko da yaro ne. Za a jiƙa dakakkiyar saiwar a babban akushi, a tace, a ɗebo a ɓawon kwakwa a miƙo maka. Ka tafa sau ɗaya, ka shanye a tashi ɗaya, ka tafa sau uku. Launinta kamar ruwan gulbi da damina, tana sa harshe ya yi dundum, jiki ya mutu. Ba giya ba ce, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi afuwa cikin ladabi, mutane ne masu kara.

Maganar lokaci kuwa, a je tsakanin Mayu da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce, lokacin guguwa, kuma ba wasa ba: guguwar Winston ta Fabrairun 2016 ta kashe mutum 44, ta share ƙauyuka. Teku ma na cin ƙasa, har sai da aka tashi ƙauyen Vunidogoloa gaba ɗaya aka mai da shi kan tudu a 2014.

Tafiyar ba ta mai ƙaramin aljihu ba ce. Babu jirgi kai-tsaye daga Afirka, sai an yada zango a irin su Singafo ko Hong Kong ko Ostareliya, don haka a binciki bizar wucewa tun kafin a sayi tikiti. Wanda Allah Ya hore wa, ya yi kwana biyunsa a Yasawa ya sha iska, ba laifi. Sauran kwanakin ya hau bas ɗin Suva, daga Nadi tafiyar awa huɗu ce ko kusa da haka, ya sauka a Sigatoka ya ci abinci a kasuwa.