Jika 42 a takarda, talla a kan yara

Tun watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar, wato SMIG, ya tashi daga sefa 30,047, inda ya tsaya tun 2012, zuwa 42,000. An yi murna, kuma ta dace. Amma a raba jika 42 gida talatin: sefa 1,400 ke nan a yini. Magidanci mai iyali bakwai, kowane baki ya samu dala arba'in. A ciki za a auno tiyar hatsi, a biya haya, a sayi itace. A Damagaram kuma har da ruwa, domin in bazara ta kama famfo ya ƙafe, bido yakan yi tsada a hannun 'yan garuwa, mazauna Garin Malam da Kara-Kara sun san zancen.

Wannan ma mai sa'a ne. Mai gadi, 'yar aikin gida, yaron shago, ɗan dako a kasuwar Dole, yawancinsu da baki aka ɗauke su. Babu takardar aiki, babu rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, saboda haka babu kuɗin tallafin iyali, ranar da ciwo ya kwantar da mutum kuma ba a biyansa.

Giɓin nan yara ke cike shi. Farko a janye mai da wake daga tukunya, a koma fura tsarki da tuwo da miyar kuka. Yaron da aka yaye cikinsa ya cika, amma tamowa na cin sa. Sannan a ɗora wa yarinya tiren goro ko gyaɗa, ta fara makara a lakwal, daga baya ta daina zuwa. Kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce tun 2006, sai dai in magani ya yanke a likita, takarda ake miƙa wa uwa, ta koma gida da ita a ƙulle a bakin zane.

Masu shaguna za su ce ciniki ya ja baya, kuma da gaskiyarsu. Duk da haka akwai inda uzuri bai kamata ya karɓu ba: kamfanonin gadi, gidajen mai, makarantun kuɗi, da 'yan kwangilar da ke cin aikin gwamnati. Sufetocin ƙwadago su fara daga nan, su nemi takardar biyan albashi da lambar CNSS ta kowane ma'aikaci. Wanda ya kasa nunawa, kada a sake ba shi kwangila sai ya gyara.