Wa ke riƙe da alƙalamin da ake shafe takardun gwamnati?

Idan gwamnati ta yi shelar cewa ta saki takardun sirri, wuraren da aka shafe nake fara dubawa. Za ka ga shafi ya fara da kwanan wata da sunan ofishi, sai layi biyu na rubutu, daga nan baƙin tawada har ƙasa. Wani lokaci jimla za ta ɗauko ka har daidai wurin da za a ambaci wanda ya ba da umarni, sai ta yanke. Abin yana damuna ƙwarai, domin takardun nan da kuɗin jama'a aka rubuta su, da sunan jama'a kuma aka aikata abin da ke cikinsu.

Ni dai ba na cikin masu cewa a zubo komai yadda yake. Akwai shafewar da rufin asiri ce ga bayin Allah. Bayan haɗewar Jamus, an yi doka a 1991 wadda ta ba kowa damar ganin fayil ɗin da Stasi, hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, ta tara a kansa. Kafin a miƙa maka, sai a shafe bayanan maƙwabta da dangin da ba su ji ba ba su gani ba, amma kana da ikon neman ainihin sunan wanda ya riƙa kai rahotonka. Wannan tsari ya burge ni: an kare marar laifi, mai laifi kuwa an bar shi a fili. A Maris 2025 kuma, da Amurka ta saki dubban shafuka kan kisan Shugaba Kennedy cikin gaggawa, sai ga lambobin shaidar wasu tsofaffin ma'aikata da ke raye sun fito duniya tana gani. Su me suka yi?

Damuwata tana wani wurin. Sau da yawa ofishin da aka rubuta laifinsa a takarda shi ne ake ba alƙalami ya zaɓi abin da za a ɓoye. An ba kura ajiyar nama ke nan. Da ka tambaya, amsar ɗaya ce, wai tsaron ƙasa, kuma ba ka da hanyar musantawa tunda ba ka ga abin da ke ƙarƙashin tawadar ba. Ita kanta Amurka tana da umarnin shugaban ƙasa na 2009 da ya haramta sanya wa takarda tambarin sirri don rufe karya doka ko don kada wani ya ji kunya. Rubutun ya yi kyau. To amma wa zai kama jami'in da ya saɓa, alhali shi kaɗai ya karanta shafin?

Ku dubi shafuka 28 ɗin nan na rahoton majalisar Amurka na 2002 kan harin 11 ga Satumban 2001. An cire su ɗungurungum, iyalan waɗanda suka mutu suka yi ta roƙo har Yulin 2016. Da suka fito, zarge-zarge ne da ba a kammala tantancewa ba kan alaƙar wasu 'yan Saudiyya da wasu daga cikin maharan. Ƙasa ba ta rushe ba. Abin da shekaru 14 na ɓoyo suka haifar shi ne jita-jita, kowa ya cika gurbin da abin da ransa ya raya masa. Haka hukumar CIA ba ta amsa a rubuce cewa da hannunta a kifar da Mosaddegh, firaministan Iran, a 1953 ba sai a 2013. Tsaron wa ake karewa bayan shekara 60?

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na Kenya ne. Wasu dattawa da aka azabtar a sansanonin Turawan mulkin mallaka lokacin tawayen Mau Mau suka kai gwamnatin Birtaniya kotu a Landan. Sai a 2011, bayan matsin lambar shari'ar, ma'aikatar harkokin waje ta amsa cewa tana da dubban fayiloli daga tsofaffin yankunan mulkinta 37, a jibge a wani gini da ake kira Hanslope Park. An kwashe su ne gab da ba da 'yanci, wasu kuma an ƙone su tun a can. Shekara kusan 50 mutanen nan suna faɗin abin da aka yi musu ana ɗaukar zancensu shaci-faɗi, alhali shaidar tana kulle a ɗaki. A 2013 Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9, diyyar mutum 5,228 haɗe da kuɗin shari'a. Da yawa daga cikin waɗanda aka zalunta sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar.

Wannan ne ya sa, duk da haushin baƙin layi da nake ji, na fi son in gan shi a kan a ce mini babu takardar. Layin yana shaida cewa akwai abu a nan, an kuma yanke shawarar ɓoye shi. Ana iya auna tsawonsa, ana iya kai shi gaban alƙali. Takardar da ta zama toka fa, wa zai ɗaukaka ƙara a kanta?

Abin da nake nema ba gagara-badau ba ne, an ma gwada shi. Dokar 'yancin samun bayanai ta Amurka ta 1966 ta iyakance dalilan ɓoyewa zuwa 9, kuma ana rubuta lambar dalilin a gefen wurin da aka shafe, don mai nema ya san da me zai yi jayayya. Dokar 1992 kan takardun Kennedy ta kafa kwamiti mai zaman kansa na mutum 5, wanda hukumomin leƙen asiri suka riƙa kawo wa hujja kafin a bar su su ɓoye ko da layi ɗaya. Wannan ɓangaren ne ya fi muhimmanci a wurina, wato wani daga waje ya karanta abin da ake son rufewa. Sai kuma wa'adi. Ita dokar ta 1992 ta ce zuwa Oktoban 2017 a saki komai, amma ta bar wa shugaban ƙasa ƙofar ɗagewa, aka kuwa yi ta ɗagewa. Wa'adin da mai ɓoyo ke iya tsawaitawa shi kaɗai ba wa'adi ba ne.

'Yan jarida, ina roƙonku, idan an saki irin waɗannan takardu kada ku tsaya kan abin da aka bari ku gani kawai. Ku faɗa mana shafi nawa aka shafe, wane dalili aka rubuta a gefe, wane ofishi ya sa hannu, sannan ku shigar da buƙatar a sake dubawa.