Kal'atul Hisn ba wurin ɗaukar hoto kawai ba ne

Tun bayan faɗuwar gwamnatin Bashar al-Assad a watan Disambar 2024, duk rahoton da ya taɓo tsohon sansanin nan da ke kan tudu a yammacin Homs waƙa ɗaya yake rerawa: "ginin 'yan Salibiyya" (wato mayaƙan Kiristocin Turai na zamanin da) ya sake buɗe ƙofa, baƙi sun fara dawowa, masu sayar da tsaraba sun samu kasuwa. A nuna matasa suna ɗaukar hoto a kan katanga, shi ke nan an gama labari. Wasu kafofinmu na Hausa ma haka suke kwaso shi ɗanye, har da sunan Faransanci, Krak des Chevaliers, kamar mutanen wurin ba su da bakin da za su raɗa masa suna. Abin ya ishe ni.

Mutanen Siriya Kal'atul Hisn suke ce masa, da can kuma Hisnul Akrad, wato sansanin Kurdawa. A wajajen 1031 ne sarkin Halab na gidan Mirdas ya zaunar da dakarun Kurdawa a kan tudun don su tsare hanya, shekaru kusan 70 kafin mayaƙan Salibiyya na farko su iso Sham. Turawa sun kafu a wurin a 1110, a 1142 aka danƙa shi ga ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Hospitaller, aka kore su a 1271. Lissafa da kanka: shekara 161 ke nan. Daga korarsu zuwa yau an haura shekara 750. To da wane ma'auni aka auna har ya zama nasu su kaɗai?

Za a ce ai su suka gina mafi ƙayatarwar ɓangarensa, musamman bayan girgizar ƙasa ta 1170 da ta 1202. Gaskiya ne, ba mai musu. Amma wanda ya shiga ta ƙofar gabas, rubutun Larabci na Sultan Baibars na Masar zai fara gani a saman kansa. Doguwar hasumiyar nan mai kusurwa huɗu da ke kudu, wadda masu hoto suka fi so, aikin Sultan Ƙalawun na Masar ne a 1285. Cikin majami'ar mayaƙan kuwa ga mumbarin dutse nan tsaye, tun lokacin da aka mayar da ita masallaci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake tsallake tambayar da ta fi kowace muhimmanci: me ya sa nan? Duwatsun gaɓar tekun Siriya sun miƙa daga arewa, duwatsun Lebanon sun taso daga kudu, tsakaninsu akwai wata kafa guda da ake kira mashigar Homs. Ita ce hanya mafi sauƙi daga cikin ƙasa zuwa Bahar Rum, zuwa Tarabulus ta Lebanon da Tartus. Tudun yana da tsayin kusan mita 650, kilomita 40 daga Homs, yana leƙen wannan kafa kamar shaho. Ayari ko runduna, babu mai wucewa ba a gan shi ba. A lokacin ganiyarsa an ce dakaru kusan 2,000 yake ɗauka, ga rumbunan abinci, ga babban tafkin ruwa tsakanin katanga ta waje da ta ciki. Nuruddin Zangi, sarkin Sham, ya sha kashi a gindinsa a 1163. Salahuddin Ayyubi ya zo a 1188, ya duba, ya ga ba riba, ya wuce gaba. Masu rubuta a Facebook cewa Salahuddin ne ya ci shi su gyara, ba shi ba ne.

Baibars ne ya ci shi, bawan da ya zama sarkin Masar. Shi ma ba da kafirin ƙarfi kaɗai ba. Ya fara tsinke ƙananan sansanonin da ke kewaye, irin su Safita, har tudun ya zama maraya. Ya yi masa ƙawanya a farkon Maris 1271, ya kafa manjaniƙai, wato injinan jifa da manyan duwatsu, ta kudu, inda tudun ya haɗe da sauran tsauni, masu haƙa suka bi ta ƙarƙashi suka kayar da hasumiya guda. Sauran mayaƙan suka maƙale a ciki. Ana ruwaito cewa wasiƙar jabu aka kai musu da sunan shugabansu, wai ya yarje musu su miƙa wuya. Ranar 8 ga Afrilu suka fita da ransu. Dama sun riga sun ƙare a tsaye, don shekara uku kafin nan shugaban ƙungiyar yana kukan cewa 'yan'uwansa 300 kacal suka rage a duk yankin Gabas.

Wanda yake ganin duk wannan tatsuniyar zamanin takobi ce, ya waiwayi jiya-jiya. 'Yan tawaye sun shiga sansanin a 2012, jiragen gwamnati suka yi masa ruwan bama-bamai a 2013, sojoji suka ƙwace shi a Maris 2014. Ba don sha'awar tarihi aka zubar da wannan jini ba. Assad yana tsoron a raba Damaskas da gaɓar teku, inda tushensa yake, inda Rasha ke da sansaninta na Tartus. Kuma abin da yake gudu shi ya faru: Homs ta faɗi daren 7 ga Disamba 2024, gari bai gama wayewa ba Damaskas ta bi.

UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 2006, ta mayar da shi jerin masu fuskantar haɗari a 2013. Madalla. Sai dai gyaran da aka taɓa yi masa a shekarun 1930, lokacin mulkin Faransa, da kwashe ƙauyawa kusan 500 da ke zaune a ciki aka fara shi, don a samu gini mai tsabta da zai dace da labarin da Turawa ke son ji. Idan sabbin mahukuntan Damaskas za su karɓi kuɗin gyara, su karɓa, amma su riƙe alƙalamin rubuta allunan bayani a hannunsu, a kuma fara da gidajen mutanen garin Al-Hisn da yaƙi ya rusa a gindin tudun. Mu kuma 'yan jaridar Hausa, rubuta Kal'atul Hisn ba zai ci mana ko sisi ba.